Daren Ƙawanya a Los Angeles

A ƙarshen shekarar 1975, zamanin da manyan kamfanonin fim na Amurka ke zuba miliyoyin daloli a kan aiki guda, wani saurayi mai suna John Carpenter, wanda ko shekara talatin bai cika ba, ya sami jarin da bai wuce dala dubu ɗari ba, tare da sharaɗin ya yi abin da ya ga dama. Muradinsa shi ne ya yi fim irin na makiyaya masu dawaki da bindiga, kamar Rio Bravo na Howard Hawks da ya fito a 1959, amma da yake dukiyar ba ta isa hayar dawaki da gina ƙauye ba, sai ya ɗauko asalin ƙissar ya sauke ta a wata unguwar talakawa ta Los Angeles, ya gama ɗauka cikin kwana wajen ashirin, ya kuma tsara kiɗan da kansa.

Fim ɗin, mai suna Assault on Precinct 13, ya fito a 1976. Wani ofishin 'yan sanda ne ake shirin rufewa, an kwashe ma'aikata da kaya, sai ga taron 'yan daba sun yi masa ƙawanya cikin dare, suka yanke waya da wuta, suna harbi da bindigogi marasa ƙara, har maƙwabta ba su san ana zub da jini ba. Da lamari ya tsananta, jami'in da ke tsaron wurin, baƙar fata, wanda Austin Stoker ya fito a matsayinsa, bai ga mafita ba face ya kwance wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa, ya danƙa masa bindiga. A ganina nan ne ruhin aikin yake, domin amanar da ta ƙullu tsakanin mai tsaro da wanda ake tsarewa larura ce ta haife ta, kuma ƙarancin kuɗin da ya tsare ƙissar cikin 'yan ɗakuna kaɗan shi ya sa mai kallo ke jin ƙuncinta a ƙirjinsa.

Mutanen Amurka ba su kula da fim ɗin ba da farko. Sai da aka nuna shi a bikin fina-finai na Landan a 1977 masana suka yaba, jama'ar Ingila suka yi cincirindo, bayan shekara guda kuma Carpenter ya fitar da fim ɗinsa Halloween.