Ranar da na'ura ta ƙi gane shugaban ƙasa

Wa ya tuna safiyar 28 ga Maris 2015? A rumfar zaɓe ta Otuoke, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar katin Shugaba Jonathan. Aka gwada, aka sake gwadawa, a ƙarshe da hannu aka tantance shi, aka cike masa fom. Mun sha dariya a ranar, amma fom ɗin nan shi ne ɓarakar.

Kafin zuwan na'urar, sunanka a rajista da kati a hannu sun wadatar. Wanda ya sayi katunan unguwa guda sai ya raba wa yaransa su dangwala. Abin da Farfesa Jega ya so toshewa ke nan. To amma sai INEC ta ce idan na'ura ta ƙi yatsanka, a cike maka fom ka jefa ƙuri'a. 'Yan maguɗi kuwa ko a jikinsu: a ce na'ura ta lalace, a koma takarda.

Babbar matsalar ma a doka take. A Janairun 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Wike kujerar Ribas, ta ce na'urar ba ta maye gurbin rajistar da doka ta sani ba. Sai da Buhari ya sa hannu a Dokar Zaɓe ta 2022 tantancewa da na'ura ta zama wajibi. BVAS tana duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska. Tsofaffinmu da fartanya ta shafe musu zanen yatsa, fuskar ce ta cece su.