Airstream, Ɗakin da Mota ke Ja

A ƙauye amalanke ta ɗaukar gero ce, da taki, da majinyaci in ta kama a kai shi likita. Ba wanda zai kafa gado a kanta don nishaɗi. A Amurka kuwa, daga irin wannan keken ne kamfanin Airstream ya samo tushe. Mai kafa shi, Wally Byam, an haife shi a 1896 a jihar Oregon. Yana saurayi ya yi kiwon tumaki, yana kwana a cikin amalanke mai taya biyu, da ɗan risho da shimfiɗa da bokitin wanka.

Bayan ya gama Jami'ar Stanford ya koma Los Angeles yana harkar talla da mujallu. A 1929 ya ɗora tanti a kan ƙashin tsohuwar mota ƙirar Ford, ya ga wahalar kafawa da kwancewa ta yi yawa, sai ya maye shi da ɗaki na dindindin. Masu sha'awa suka yi ta neman zanen, daga baya suka ce shi dai ya ƙera musu. A 1931 ya buɗe masana'anta a Culver City.

Abin da ya fito da sunan kamfanin shi ne ƙirar Clipper ta 1936: gangar jiki ta alminiyam mai sheƙi, a dunƙule don kada iska ta tare ta, an haɗa fallayen da ƙusoshi yadda ake yi wa jirgin sama. Gaskiya a faɗe ta, dabarar ta Hawley Bowlus ce, maƙerin jirage wanda Byam ya taɓa yi wa dillanci. Bowlus ya karye, Byam ya iya kasuwa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aiki, don alminiyam ya koma wa jiragen yaƙi. Da ƙura ta lafa aka dawo, a 1952 aka buɗe reshe a ƙauyen Jackson Center na jihar Ohio. Tallar Byam tafiya ce. A 1959 ya ja ayarin ɗakuna 41 daga Cape Town zuwa Alƙahira, ta laka da rairayi, abin da ya lalace a hanya ya sa a gyara ƙirarsa. Ya rasu a 1962.

A 1969 ƴan sama jannatin Apollo 11 a cikin Airstream aka killace su bayan dawowa daga wata, Shugaba Nixon yana gaishe su ta taga. A lokacin kamfanin yana hannun Beatrice Foods, masu harkar abinci, da suka saye shi a 1967, kuma kafin su sake shi asara ta fara cinsa. A 1980 Wade Thompson da Peter Orthwein suka karɓe shi, suka kafa Thor Industries a kansa. Har yau a Jackson Center ake ƙera shi, ma'aikata biyu ne ke buga ƙusa, ɗaya a waje ɗaya a ciki.