Wa ya ce wannan jami'a ta fi waccan?

Idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, leƙa shagon kwamfuta a Kankiya ko Kusada ka sha gardama. Wannan ya ce ABU ce uwa, wancan ya ce BUK, can sai wani ya zaro waya ya nuna jerin "jami'o'in da suka fi kyau a Najeriya". Jami'ar Dutsin-Ma na nan kusa, amma sai ka ji an ce ai yarinya ce. To, wa ya tsara jerin nan, kuma da wane mudu ya auna?

A ƙarni na 17, sunan malami ɗalibi ke bi. Katsina ta yi suna saboda irin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, shaidar karatunka kuma ita ce ijaza, wadda ke faɗin wanda ya karantar da kai da wanda ya karantar da shi. Da boko ya zo, mudun bai canza sosai ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta samu daraja ne daga waɗanda ta yaye, irin su Tafawa Ɓalewa da Sardauna. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ta zama Barewa, darajar kuma ta bi ta duk inda ta je. ABU ma, da aka kafa a 1962, tsufa da manyan ɗalibanta ne jarinta.

Jera jami'o'i da lamba kuwa sabon abu ne. A 1983 mujallar U.S. News ta Amurka ta fara nata, kuma abin da ta yi kawai shi ne tambayar shugabannin jami'o'i wacce suke ganin ta fi. Ka ga ra'ayi ne aka sa wa lamba. A 2003 wata jami'a a Shanghai ta fito da jeri na duniya don ta ga tazarar da ke tsakanin jami'o'in Sin da na Turawa. Kashi 30 na makin ya dogara ne kan kyautar Nobel da lambar Fields ta lissafi. Da wannan mudun, jami'ar da ke koyarwa da kyau amma ba ta da mai Nobel ta faɗi tun kafin a fara.

A 2004 aka samu ƙarin biyu: na Times Higher Education tare da QS, waɗanda suka raba gari daga baya, da Webometrics na Sifaniya. Shekaru da yawa QS na ba da kashi 40 ga amsar da malaman jami'a suka bayar kan wacce ta yi suna. Shi kuwa Webometrics, wanda jaridunmu ke yawan ɗaukowa, babban abin da yake dubawa shi ne yadda wasu shafukan intanet ke nuni zuwa shafin jami'ar. Wallahi abin dariya ne a ɗauki wannan a yanke wa yaro inda zai yi shekara huɗu.

Za ka ce ai wasu na ƙirga yawan ɗalibai a aji. Haka ne, sai dai jami'ar ce ke aika alƙaluman da kanta. A 2022 wani farfesan lissafi a Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya bincika na jami'arsa ya ga ba su yi daidai ba. Jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure, ta sauko daga ta 2 zuwa ta 18 a jerin U.S. News. Malaman nan ne dai, azuzuwan nan ne dai.

Yanzu dawo gida. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a 2006 aka kafa ta, ta Dutsin-Ma a 2011. A mudun da ke auna suna, dole su zo baya, ko da wani sashensu ya fi na tsohuwar jami'a kayan aiki. Abin da ya fi kusa da buƙatarka shi ne tantancewar Hukumar NUC, domin ita kwas-kwas take bi: ta duba malamai, ɗakin gwaji da ɗakin karatu. Jami'a ɗaya na iya samun cikakkiyar amincewa a wani kwas, ta rasa a wani. Tambayi matsayin kwas ɗin da kake so, ka kuma nemi ɗan aji uku a sashen ya gaya maka mutum nawa ke layi a kan madubin gwaji ɗaya.

Makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ma ba za ka gan ta a ko ɗaya daga jerin nan ba, tunda ba jami'a ba ce. Amma shiga ƙananan asibitocin karkarar jihar nan ka tambayi masu duba ka inda suka yi karatu.