Karayar muƙamuƙi

Karayar muƙamuƙi ita ce tsagewa ko karyewar ƙashin da ke riƙe da haƙoran ƙasa. Wannan ƙashi shi ne yake motsi idan mutum yana tauna ko magana, kuma yana cikin ƙasusuwan fuska da suka fi yawan karyewa. Saboda a lanƙwashe yake kamar baka, duka ɗaya kan karya shi a wuri biyu: inda aka bugu, da kuma ɗaya ɓangaren, sau da yawa kusa da kunne. Likitocin tiyatar baki da fuska ne ke gyara shi. A Najeriya likitocin haƙori ne da suka ƙara shekaru suna koyon tiyata.

Dalilai

A arewacin Najeriya hatsarin hanya ne kan gaba. A shekarar 1980 likita E. O. Adekeye ya wallafa nazarin mutum 1,447 da suka samu karayar ƙasusuwan fuska a Kaduna, kuma akasarinsu a hatsarin hanya suka same ta. Yawaitar acaɓa daga baya ta ƙara yawan masu faɗuwa da ka. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har aka riƙa ganin wasu 'yan acaɓa a Kano suna kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Ko hular gaske ce, in ba mai rufe haɓa ba ce, kwanyar kai kawai take karewa. Sauran dalilan sun haɗa da faɗa, dambe, harbin bindiga, shurin doki ko jaki, da faɗowar yara daga bishiya.

Alamomi

Babbar alama ita ce haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa yadda suka saba. Majinyaci zai ji cizonsa ya sauya, ko a ga jerin haƙoran ya yi tudu da kwari. Akwai kuma kumburi, jini daga dasashi, taruwar jini a ƙarƙashin harshe, dalalar yawu, da kasa buɗe baki. Leɓen ƙasa kan mutu, saboda jijiyar da ke ba shi ji ta cikin ƙashin take bi. Hoton ƙashi ne ke tabbatar da wurin karayar.

Taimakon farko

Abin da ke kisa a sa'ar farko numfashi ne. Idan gaban ƙashin ya karye ta gefe biyu, harshe kan zame baya ya toshe maƙogwaro, jini da gutsattsarin haƙora su ƙara cushe shi. Wanda yake cikin hayyacinsa a bar shi zaune, ya ɗan sunkuya gaba. Wanda ya suma a juya shi kan gefensa a hankali, kai da wuya da gangar jiki tare, don mai yiwuwa wuyan ma ya karye. Ɗura masa ruwa, wanda jama'a kan yi don tausayi, na iya shaƙe shi.

Haƙorin babba da ya fita ɗungurungum ana iya mayar da shi idan an hanzarta cikin kamar sa'a ɗaya. A riƙe shi ta kai, kada a kankare saiwar, a tsoma shi cikin madara a tafi da shi. Haƙorin yaro na nono ba a mayar da shi.

Yadda ake gyara

Ma'aunin gyaran shi ne cizo: idan haƙora suka koma mazauninsu, ƙashin ma ya daidaita. A hanya ta farko ana ɗaura siririn ƙarfe a jerin haƙoran sama da na ƙasa, sannan a ɗaure su da waya, bakin ya zauna a rufe mako huɗu zuwa shida. Dabarar tsohuwa ce, domin likitan Girka Hippocrates ya bayyana ɗaure haƙora da zaren zinariya fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. A hanya ta biyu ana sa majinyaci barci, a buɗe ta cikin baki, a haɗa ƙashin da ƙananan farantan ƙarfen titaniyom da kusoshi. Likitan Faransa Maxime Champy ne ya yaɗa wannan salo a shekarun 1970. Mai faranti yana buɗe baki da wuri, amma kuɗinsa ya fi yawa, shi ya sa waya ba ta kau ba a asibitocin Najeriya.

Ɗorin gida, wanda mutane suka amince da shi a hannu da ƙafa, ba ya isa a nan. Ba a iya ɗaura karan ɗori a muƙamuƙi, kuma karayar da ta ratsa tsakanin haƙora a buɗe take ga ƙwayoyin cutar baki. Idan aka yi makonni a gida, ƙashin kan kama a karkace ko ya yi mugunya, sai an sake karya shi a ɗakin tiyata. Lamarin yara ya fi tsanani. Yaron da ya faɗi da haɓa na iya fasa gaɓar da ke gaban kunne ba tare da an lura ba. A hankali gaɓar ta daskare, bakin ya ƙi buɗuwa, haɓar ta tsumbure yayin da sauran fuskar ke girma.

Inda ake yin aikin

Wannan tiyata ta manyan asibitoci ce, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Wanda ya yi hatsari a mahaɗar Yashe, inda hanyar Funtuwa ta haɗu da ta Kano zuwa Katsina, yakan fara samun tsayar da jini da ɗinki a asibiti mafi kusa, kamar na Kankiya, kafin a tura shi Katsina ko Kano. An fi son a gyara karayar cikin kwanakin farko.

Jinya

Wanda aka ɗaure wa baki da ruwa-ruwa yake rayuwa, yana zuƙa ta tsakanin haƙora ko ta bayan turame. Koko zalla ba ya gina ƙashi, kuma masu jinya da yawa suna ramewa. Ana so a haɗa da madara, kunun gyaɗa, madarar waken suya, fura da nono da aka dama aka tace, da romon nama, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Bayan kowane ci a kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri, a goge wayar da burushi mai laushi. Taba sigari tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Idan amai ya taso, a sunkuya gaba ya fita ta gefen haƙora, kuma likita kan nuna wa 'yan uwa wayar da za su yanke in numfashi ya tsaya.

Bayan an kwance waya bakin yakan yi tauri, sai an riƙa motsa shi kullum har ya iya ɗaukar yatsu uku a jere. Tuwo mai laushi ake fara ci. Rake, goro da tsire sai likita ya ba da izini. Mutuwar leɓe kan ɗauki watanni kafin ta saki, wani lokaci kuma ba ta saki gaba ɗaya.