Daga Baƙin Mai Zuwa WD-40: Tarihin Yaƙi Da Tsatsa

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, maganar ƙarfen da ka bari a waje ce: ƙafar sola, dish, ƙofar gida, garmar shanu. Ni ma ƙafar solar shagona a Funtua damina biyu kawai ta yi, wajen walda ya ci ya karye, saura kaɗan fanel ya faɗo. Shi ya sa na bi diddigin abin.

Tsatsa ruwa da iska take buƙata. Raba ƙarfe da su, ka gama da ita. Yawancin maganin da aka ƙirƙiro a kan wannan yake tafiya.

Wanda ya fi daɗewa a hannun manoma da direbobinmu shi ne baƙin mai da giris. Tambayi dattijo a Malumfashi ko Bakori yadda ake ajiye garma bayan kaka, zai ce maka a goge, a shafa baƙin mai, a jingine a inuwa. Yana aiki, amma ruwa na wanke shi, ƙurar hunturu na manne masa, kuma idan ya tsiyaya yana ɓata ƙasa.

Babban sauyi daga Faransa ya zo. A 1837 wani injiniya, Stanislas Sorel, ya yi rajistar dabarar tsoma ƙarfe cikin narkakken tutiya, abin da ’yan kasuwa ke kira galbanais. Kafin nan, a 1829, Henry Palmer a Landan ya fito da kwano mai tudu da kwari. Haɗuwar biyun ce ta haifi kwanon rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa. Sirrin tutiya kuwa abin mamaki ne: ita take fara lalacewa a madadin ƙarfen. Ko an karce wurin, tutiyar da ke gefe za ta ci gaba da kare shi har sai ta ƙare. Fenti ba ya haka. Da ya ɓare, tsatsa ta samu ƙofa, ta riƙa ci ta ƙarƙashi kana ganin sama lafiya lau.

To ina tawa matsalar ta fito? Wutar walda tana ƙone tutiya. Bututun galbanais na saya, amma daidai inda aka haɗa ya koma tsirara, ba kuma wanda ya rufe shi.

WD-40 kuma, wanda kowane makanike ke ji da shi, ba don babur aka yi shi ba. A 1953 wani ƙaramin kamfani mai suna Rocket Chemical Company a San Diego ta Amurka ya haɗa shi, aka yi amfani da shi wajen kare jikin makami mai linzami na Atlas. WD na nufin korar ruwa, 40 kuma gwaji na arba'in da aka dace. Sai 1958 ya shiga kantuna. Gwani ne wajen kwance noti da ya cije da korar danshi, amma siriri ne ƙwarai. Ka fesa a ƙarfen da ke shan ruwan Agusta, ba zai kai ka ƙarshen damina ba. Kuma don Allah kar ka fesa shi a ramin cajin waya. Sau nawa ake kawo min waya sifika ta toshe da maiƙo!

A nawa ganin, abin da yake tsaye wuri ɗaya, ka sayi galbanais in aljihu ya yarda, sannan ka fesa fentin gwangwani mai tutiya a duk inda aka yi walda. In baƙin ƙarfe ne, ka kankare tsatsar da burushin waya har ya yi haske, ka shafa jan fenti na farko, ya bushe, ka bi da fentin mai sau biyu. Shafa fenti kan tsatsa asarar kuɗi ce. Abin da ke motsi ko goga ƙasa, irin garma da sarƙa, giris ya fi masa.

Manoma, ku kula da takin zamani. Tun zamanin aikin gona na Bankin Duniya da aka fara a Funtua a 1975 taki ya zauna mana, kuma yana jan danshi, wasu nau'o'insa na cin ƙarfe kamar gishiri. Baro ko bayan mota da ya ɗauki taki, a wanke shi ranar, a bar shi ya bushe kafin a shafa komai.