Gajeren Labari a Bakin Iyaka: Matsayin Marubuci Mai Cin Gashin Kansa a Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko yakan kai manazarci garuruwa biyu, Zariya da Kano. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma hukuma ce a Zariya ta zaɓa, ta tace, ta buga. Bayan rabin ƙarni, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Marubucin Sabon Birni da Isa, a ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, ba shi da hukumar Zariya, ba shi da kasuwar Kano. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa gajeren labari ne sigar da ta fi dacewa da shi, da sharaɗin ya ɗauki nauyi uku da kamfani kan ɗauka: tacewa, adanawa, da kai wa mai karatu.

Me ya sa gajeren labari?

Hujja ta farko ita ce halin da ƙasar take ciki. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki. A Disamban 2021 an ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. Kafofin labarai sun kawo adadin mamata, amma adadi ba ya faɗin abin da uwa ta zaɓa ta ɗauka a daren gudu, ko yadda manomi yake kallon gonarsa daga nesa alhali damina ta sauka. Wannan aikin adabi ne. Wanda kuwa bai san inda zai kwana gobe ba, da wuya ya zauna wa littafi mai juzu'i uku, amma zai iya kammala kalmomi dubu a waya cikin mako guda.

Hujja ta biyu ita ce gado. Ƙasar da ta raini Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ta san yadda ake cusa ma'ana mai nauyi cikin 'yan kalmomi. Ga tarihin Alƙalawa da Bawa Jangwarzo, ga zumuncin Sabon Birni da Tsibiri wanda iyakar Turawa ba ta yanke ba, ga Gobirci da zaƙinsa. Marubucin da ya bar waɗannan ya koma kwaikwayon soyayyar attajiran birni ya bar gini tun ran zane. Abin da ya dace shi ne ya ba da labari da daidaitacciyar Hausa, ya bar taurarinsa su yi magana da karin garinsu.

Bugawa ba tare da kamfani ba

Waya ta buɗe ƙofar da a da take rufe. A yau marubuciya tana sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook, wanda ya so ci gaba ya biya. Sai dai wannan hanya tana da rauni uku. Na farko, babu edita, don haka ƙa'idojin rubutu sukan lalace, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a zubar da haruffa masu ƙugiya. Na biyu, mutum ɗaya zai saya ya watsa wa ɗari. Na uku, abin da ke intanet ba ajiya ba ne. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa suka yi kasuwanci a kanta, ta rufe a ƙarshen 2023. Mutanen gabashin Sakkwato kuma ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya saboda tsaro, kowa ya yanke daga kowa.

Saboda haka cin gashin kai ba yana nufin kaɗaici ba. Darasin da ƙungiyar Raina Kama ta Kano ta bari shi ne marubuta su haɗa ƙarfi, su duba rubutun juna, su tallata wa juna. Marubuta goma na Sabon Birni da Isa za su iya yin adashi, kowa ya kawo labari guda, malamin Hausa ya tace, a buga a littafi ɗaya a Sakkwato ko Gusau. A kai kwafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da makarantun sakandaren yankin, domin abin da ya shiga hannun ɗalibi da manazarci ya tsira daga ɓata.

Kai wa mai karatu

Gasa tana da amfani. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta ɗaga darajar gajeren labari, kuma a 2020 Maryam Umar daga Sakkwato ta zo ta ɗaya da labarinta Rai da Cuta. Amma gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma 'yan kaɗan take ɗauka. Babbar hanyar wannan yanki ita ce kunne. Jama'a da yawa ba sa karanta boko, amma suna sauraron rediyo da saƙon murya. Labarin da marubuci ya karanta da bakinsa cikin minti goma zai shiga kasuwa da tasha da sansanin 'yan gudun hijira. Murya kuma ba ta san bambancin rubutun Nijeriya da na Nijar ba, don haka Bagobirin Maraɗi mai sauraro ne tun daga ranar farko.

Kammalawa

Wani zai ce mai fama da yunwa da tsoro ba ruwansa da labari. Amsa ita ce al'ummar da ba ta rubuta wahalarta ba, wasu ne za su rubuta mata yadda suka ga dama. Kira a nan ga malaman Hausa su ba da lokacinsu wajen tacewa, ga masu hali 'yan asalin yankin su ɗauki nauyin ɗab'i, ga matasa kuma su fara da abin da idonsu ya gani. Labarin Gobir na wannan zamani amana ce a wuyan 'ya'yanta.