Yadda Fitilar Taya Ta Shigo Gaban Direba

A farko, na'urar da ke sanar da direba cewa iskar tayarsa ta ragu kayan ƙawa ce ta masu hannu da shuni. Porsche ne ya fara sa ta a motarsa ƙirar 959 a 1986, kuma 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera.

Asarar rayuka ce ta sauko da ita motar kowa. A ƙarshen shekarun 1990, musamman a jihohin kudancin Amurka masu zafi, tayoyin Firestone da ke kan jif ɗin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa ana tsaka da gudu, mota ta wuntsila. Ford ya ce a ba tayar iska awo 26, Firestone daga baya ya ce 30 ya kamata. Taya kuwa in iskarta ta gaza, gefenta ke ta lanƙwashewa, ta ɗau zafi, har fatar sama ta rabu da jiki. A Agustan 2000 aka janye taya miliyan 6.5, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta danganta mutuwar mutum 271 da su. A Nuwamban shekarar Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar TREAD. A ƙarƙashinta, daga Satumban 2007, dole duk sabuwar ƙaramar mota a Amurka ta kunna fitila in iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ta tilasta hakan a 2014.

Da dokar aka sami sabon aiki a rumfar mai faci. Wasu motocin suna gane ragin iska ne daga saurin juyawar taya ta hanyar birkin ABS. Amma a yawancin motocin Amurka na'urar ɗan ƙaramin akwati ne maƙale da gindin bawul a cikin rim, yana aika saƙo ta rediyo. Batirinsa a like yake, shekara 5 zuwa 10 yake yi, in ya mutu sai dai a sake na'urar gaba ɗaya, sannan a haɗa sabuwar da kwamfutar motar. Duk lokacin da aka cire taya, ana so a canza robar bawul da notinsa. Ƙwayar bawul ta tagulla kuma, in aka ɗaura ta a bakin bawul na alminiyom, cin juna suke yi har ta ƙi fita.

Wannan ne ya fi damuna game da motocin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano. Suna isowa ne daidai lokacin da batiran suka tsufa, sauran na'urorin kuma ƙarfen ɓanɓare taya ya fasa su, don mai facin bai san akwai abu a bayan bawul ba. Sai fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta zauna a kunne, direba ya saba da ita, ya kama hanyar Kano zuwa Maiduguri a tsakiyar bazara da mota cike da iyali.